Yadin Da Ba A Saƙa Ba: Yadda Za Mu Gane Abin Da Aka Yi Shi Da Shi

GABATARWA

Wata ranar Alhamis a zangon karatu na biyu, muna ɗakin koyon ɗinki, sai wata 'yar ajinmu ta fito da wata shuɗiyar jaka irin wadda ake rabawa a wurin biki. Jakar ta yamutse a cikin akwati, tana so ta miƙar da ita domin ta zuba littattafai. Ta taɓa, ta ji kamar yadi. Ta duba, ta ga kamar yadi. Saboda haka ta ɗauki dutsen guga da aka gama guge zanen tebur na auduga da shi, ta ɗora a kai. Kafin a ce kwabo, jaka ta tsuke, ta narke, ta manne a gindin dutsen kamar ƙaro, warin kyandir ya cika ɗaki. Jaka ta tafi ke nan. Dutsen guga sai da aka kwana biyu ana kankararsa. Ita kuwa da ta kai yatsa domin ta ɓamɓare abin, ta sami ƙunar da ta hana ta riƙe biro har mako guda.

Malamarmu ba ta yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi mana: "Da me aka yi wannan jaka?" Waɗansu suka ce auduga, waɗansu suka ce takarda, waɗansu kuma suka ce leda, amma ba wanda ya iya kawo dalili. Daga ranar muka shiga tattara irin waɗannan ƙyallaye, muna gwada su a ɗakin ɗinki da ɗakin kimiyya. Abin da muka koya shi ne muke so mu kawo wa 'yan'uwanmu ɗalibai, da malamanmu, da iyayenmu, gama kusan kowane gida yana da irin wannan yadi, ko da masu gidan ba su san sunansa ba.

MENE NE YADI MARAR SAƘA?

Yawancin tufafin da muke sawa saƙaƙƙu ne. Akan kaɗa auduga ta zama zare, sa'an nan masaƙi ya ja zaren tsaye, ya riƙa ratsa shi da na kwance, har a sami zugu ko atamfa ko shadda. Akwai kuma saƙar allura, irin ta rigar sanyi da safa, inda zare ɗaya yake bi yana sarƙe kansa. A duka biyun, sai an yi zare tukuna kafin a sami tufa.

Yadi marar saƙa ya tsallake wannan mataki. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana shiɓar auduga da baka ya ga yadda audugar take warwarewa ta zama 'yan siraran gashi. Waɗannan 'yan gashi, waɗanda ake murzawa su zama zare, su ne za mu riƙa kira sili a cikin wannan rubutu. To, idan aka baza silin a shimfiɗe, aka sami dabarar da za ta sa ya kama juna ba tare da kaɗi ko saƙa ba, an sami yadi marar saƙa. A masana'anta akan haɗa silin ta hanyoyi huɗu: da zafi, da allurai masu ƙaya da ke soka shi suna cukuikuye shi, da siraran feshin ruwa mai ƙarfi, ko kuma da gam.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Mafi tsufa a wannan dangi shi ne matsattsen ulu, wanda Turawa ke kira fel. Idan aka jiƙa gashin tumaki da ruwan ɗumi da sabulu aka yi ta murzawa, yakan kama juna ya zama bargo mai kauri. A kaburburan Pazyryk da ke duwatsun Altai a Saberiya an tono manyan shimfiɗu na irin wannan ulu da suka haura shekara 2,000, makiyayan Mongoliya kuma har yau da shi suke rufe bukkokinsu.

A yau muna saduwa da wannan yadi ko'ina. Takunkumin fuska da muka sha sawa a shekarar 2020 lokacin annobar korona, da kunzugun jarirai na kanti, da audugar mata, da ƙyallen goge jiki mai danshi, da rigar da likita ke sawa a ɗakin tiyata, da farin ƙyallen da tela ke mannawa a wuyan riga domin ya tsaya, da baƙin yadin da ke ƙarƙashin kujerar kushin, da magogin allon da ke ajinmu, duk 'yan gida ɗaya ne.

IRE-IREN SILIN DA AKE AMFANI DA SU

Kafin mu nemi gane abu, ya kamata mu san waɗanda muke nema. Sun kasu kashi uku.

Kashi na farko shi ne silin da ake samu kai tsaye daga tsiro ko dabba: auduga, ulu, rama da danginta, da kuma ɓargon itace da aka niƙa, irin wanda ake yin takarda da shi.

Kashi na biyu shi ne reyon, wanda kuma ake kira biskos. Asalinsa itace ne, amma sai an narkar da shi da sinadarai an sake feso shi ta 'yan ƙananan ramuka kafin ya zama sili. Waɗansu masana a Ingila, Cross da Bevan da Beadle, su ne suka yi rajistar wannan dabara a shekarar 1892.

Kashi na uku shi ne silin roba, wanda ake yi daga man fetur da iskar gas. Wallace Carothers ya haɗa nailan a kamfanin DuPont na Amurka a 1935. Whinfield da Dickson suka samar da foliyesta a Ingila a 1941. Giulio Natta na Italiya ya samar da folifurofilin a 1954, aikin da ya sa aka ba shi lambar Nobel tare da Karl Ziegler a 1963. Akwai kuma akirilik, wanda ke kwaikwayon ulu, da foli'etilin, watau robar da ake yin leda da ita. A kayan da ake amfani da su sau ɗaya a yar, folifurofilin ne ya fi yawa, domin yana da araha, ba shi da nauyi, kuma yana narkewa da sauƙi a wurin haɗawa. Sunan yana da tsawo, amma ya kamata mu riƙe shi, gama shi ne ya manne a dutsen gugarmu.

ME YA SA GANEWA TAKE DA WUYA?

Idan yadi saƙaƙƙe ne, sai mu zare zare ɗaya daga gefe mu duba. Wannan kuwa ba shi da zaren da za a zare, kuma da wuya a ga takardar bayani a jikinsa. Bugu da ƙari, akwai abubuwa uku da ke ruɗin mai gwaji.

Na ɗaya, sau da yawa hawa-hawa ne, kowane hawa da irin silinsa. Kunzugun jariri misali ne mai kyau: fallen da ke taɓa jiki yawanci folifurofilin ne, cikinsa niƙaƙƙen ɓargon itace ne gauraye da wani gari mai shanye ruwa, bayansa kuma leda ce. Na biyu, a falle ɗaya ma akan gauraya sili iri biyu ko uku. Na uku, gam da rini da sauran magungunan da aka shafa wa yadin suna iya canza warinsa, da yadda yake shan ruwa, da yadda yake cin wuta.

Saboda haka dokarmu ta farko ita ce: a raba hawa-hawan tukuna, a wanke abin da ke da danshi ko turare a shanya, a yage yadin a tsamo silin daga bakin yagar, sa'an nan a fara gwaji. Doka ta biyu kuwa: kada a yanke hukunci da shaida ɗaya. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

GWAJI NA ƊAYA: IDO DA HANNU

A ɗaga ƙyallen a hasken taga a duba shi da kyau. Ido ba zai faɗa mana sunan silin ba, amma zai nuna mana yadda aka haɗa shi, wannan kuwa yana rage mana yawan waɗanda muke tuhuma.

Idan muka ga 'yan ɗigo-ɗigo a jere, masu santsi, kamar an danna su da kan ƙusa, da zafi aka haɗa shi. Wuraren nan silin ne ya narke ya manne. Tun da auduga da reyon da ulu ba su narkewa, lalle akwai roba a ciki. Da mun san wannan tun farko, da jakar nan ta tsira, gama jikinta duk irin waɗannan ɗigo ne.

Idan yana da kauri da gashi-gashi kamar bargo, kuma ana ganin 'yan ramuka, aikin allurai ne. Irin wannan yana iya zama ulu, ko foliyesta, ko akirilik, ko ma tsummokin da aka yayyaga aka sake haɗawa. Idan yana da laushi yana lanƙwasa kamar tufa, da feshin ruwa aka sarƙe shi, kuma galibi reyon ne ko auduga ko foliyesta, ko gaurayensu. Idan kuwa yana da tauri yana ƙara kamar takarda, akwai gam a jikinsa.

Sai kuma a yage shi a duba bakin yagar. Gajeren sili mai fita ɗaya-ɗaya yana iya zama kowane iri. Amma dogon sili wanda ake ja ba ya ƙarewa, wanda aka feso daga inji kai tsaye aka shimfiɗa, wannan roba ce.

GWAJI NA BIYU: RUWA

Ruwa yana yi mana aiki iri biyu. Da farko a ɗiga ɗigo ɗaya a kan ƙyallen. Auduga da reyon sukan shanye shi nan da nan. A kan folifurofilin da foliyesta kuwa ɗigon yakan zauna ya dunƙule kamar raɓa a ganyen gwaza. Dalili shi ne kowane sili da yawan danshin da yake iya riƙewa: auduga takan riƙe wajen kashi 8 cikin 100 na nauyinta daga iska kawai, nailan wajen kashi 4, foliyesta bai kai kashi 1 ba, folifurofilin kuwa kusan babu. Sai dai a yi hattara. Fallen saman kunzugu roba ne, amma an shafa masa wani magani domin fitsari ya ratsa ya wuce ciki. Ulu kuma yakan kori ɗigon da farko, ko da yake ya fi auduga shan danshi. Wanda ya dogara ga ɗigo kaɗai zai yi kuskure a duka biyun.

Aiki na biyu shi ne gwajin nutsewa, kuma shi ne ya fi ba mu sha'awa domin ba ya bukatar komai sai kofin gilashi. Idan aka ɗauki nauyin ruwa a matsayin 1, nauyin folifurofilin 0.91 ne, nailan 1.14, ulu wajen 1.3, foliyesta 1.38, auduga da reyon wajen 1.5. Watau folifurofilin da ɗan'uwansa foli'etilin ne kaɗai suka fi ruwa sauƙi. A yanka ƙyallen ƙanana-ƙanana, a ɗiga ruwan sabulu kaɗan a kofin, a matse yankan a cikin ruwa har iskar da ta maƙale ta fita, sa'an nan a sake su. Abin da ya taso ya tsaya a sama folifurofilin ne ko foli'etilin. Sauran duk za su nutse. Matse iskar nan wajibi ne, in ba haka ba har auduga za ta yi iyo ta ruɗe mu.

Ana iya ƙara mataki ɗaya. A zuba gishiri a wani kofin, a yi ta motsawa har ya ƙi narkewa. Nauyin wannan ruwa ya kai wajen 1.2. A cikinsa nailan zai taso, foliyesta kuwa zai nutse. Da gishirin miya ke nan mun raba abubuwa biyu da ido ba ya iya rabawa.

GWAJI NA UKU: WUTA

Wannan shi ne gwajin da aka fi sani, shi ne kuma ya fi hatsari. Kada ɗalibi ya yi shi a ɗakin kwana, ko shi kaɗai. A yi shi a gaban malami, kusa da taga ko a waje, da bokitin ruwa a gefe. Yankan kada ya wuce girman farcen babban yatsa. A riƙe shi da hantsaki, a sa farantin ƙarfe a ƙasa domin abin da zai ɗiga. Kada a kai hanci kan hayaƙi. A bari wutar ta mutu, sa'an nan a kaɗo warin da hannu. Kada kuma a taɓa abin da ya rage sai ya huce.

Abubuwa huɗu ake lura da su: abin da ƙyallen ke yi idan ya kusanci harshen kyandir, yadda yake ci, warinsa, da abin da ya bari.

1. Auduga: ba ta gudun wuta. Takan kama da sauri, ta ci da rawayan harshe, ta yi ƙaurin takarda. Bayan an hure ta, garwashi yakan ci gaba da bin gefenta. Tokarta mai laushi ce, tana bajewa a yatsa.

2. Reyon: kamar auduga yake a komai, sai dai ya fi ta saurin ci, tokarsa kuma kaɗan ce. Wuta ba ta iya raba su sosai, gama asalinsu ɗaya ne.

3. Ulu: yakan nannaɗe, ya ci a hankali, ya mutu da kansa idan an janye shi. Warinsa na babbakar kan akuya ne. Yakan bar baƙin dunƙule mai rugurgujewa idan an murza.

4. Folifurofilin da foli'etilin: tun kafin wuta ta taɓa su suke tsukewa su gudu. Sukan narke su ɗiga, harshensu shuɗi a gindi rawaya a sama, warinsu na kyandir. Sukan bar dunƙule mai tauri kamar daskararren kakin zuma.

5. Foliyesta: yakan tsuke ya narke, ya yi baƙin hayaƙi mai kunkunniya da wani wari mai ɗan zaƙi-zaƙi. Yakan bar baƙin ƙwallo mai tauri wanda ba ya murzuwa.

6. Nailan: yakan narke ya ɗiga, bai cika son ci ba, hayaƙinsa fari-fari ne, ƙwallonsa kuma mai tauri ne, ruwan toka ko ruwan ƙasa.

7. Akirilik: yakan ci da ƙarfi yana tartsatsi, da baƙin hayaƙi mai yaji a hanci, ya bar baƙin ɓawo marar siffa.

A nan ne muka sha mamaki. Magogin allon ajinmu, wanda dukanmu muka ɗauka ulu ne, bai yi ƙaurin gashi ko kaɗan ba. Narkewa ya yi ya bar baƙin ƙwallo. Ƙyallen goge jiki kuwa ya yi ƙaurin takarda, har muka fara rubuta "auduga", amma da muka murza tokar sai muka ji 'yan tsakuwoyi masu tauri a ciki. Ashe gauraye ne, akwai roba a ɓoye. Takunkumin fuska da muka farka ya ba mu falle uku, na tsakiya kamar farar takarda mai laushi, amma duka ukun suka tsuke suka yi warin kyandir, kuma duka suka taso a kofin ruwa. Shaidu biyu suka haɗu a kan folifurofilin.

Ƙanen wannan gwaji shi ne sanin zafin da kowace roba ke narkewa a kai. A ma'aunin Salshiyas, foli'etilin yakan narke tsakanin digiri 110 da 135, folifurofilin wajen 165, nailan tsakanin 220 da 260 bisa ga irinsa, foliyesta wajen 255. Dutsen guga na lantarki idan an murɗa shi zuwa ɗigo uku, watau na auduga, yakan kai wajen digiri 200. Yanzu kowa ya ga abin da ya sami jakar nan. Dutsen gawayi kuwa ba shi da ma'auni ko kaɗan, don haka mai amfani da shi ya fi kowa bukatar wannan sani.

GWAJI NA HUƊU: MADUBIN LIKITA

Abin da wuta ta kasa rabawa, madubin ƙara girma yakan raba. A tsamo sili kaɗan, a baza a kan gilashin gwaji, a ɗiga ruwa, a rufe, a duba.

Silin auduga kamar shimfiɗaɗɗen tsiri yake wanda aka murɗa nan da can. Na reyon miƙaƙƙe ne, da layuka suna bin tsawonsa. Da wannan kaɗai an raba su. Na ulu yana da ɓawo-ɓawo hawa kan hawa kamar jikin kifi, waɗannan ɓawo ne kuwa suke kama juna har a sami fel. Na lilin yana da gaɓoɓi kamar rake. Foliyesta da nailan da folifurofilin kuwa galibi santsi gare su kamar sandar gilashi, ba a iya bambanta su da juna da madubi kaɗai, sai a koma ga ruwa da wuta.

Madubi ne kuma ya fi nuna gauraye, domin za a ga iri biyu kwance tare. Da muka duba ƙyallen goge jikin nan, sai ga mai layuka da mai santsi a wuri ɗaya: reyon da foliyesta. Fallen tsakiyar takunkumi kuwa silinsa ya yi sirantar da da ƙyar muka gan shi. Kaurinsa 'yan mikiron kaɗan ne, alhali gashin kan mutum yakan kai mikiron 50 zuwa 100. Wannan siranta, tare da cajin lantarki da aka sa masa a masana'anta, su ne ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta.

GWAJI NA BIYAR: SINADARAI

Wannan aikin malami ne da ƙwararru, mu kallo muka yi. Hikimarsa ita ce kowane sili yana da ruwan da ke narkar da shi ya bar sauran. Ruwan bilic mai ƙarfi yakan cinye ulu da alharini, ya bar auduga da foliyesta. Asiton, wanda ke cikin ruwan goge jan farce, yakan narkar da silin asiteti. Asid na fomik yakan narkar da nailan. Asid na salfa, watau dangin ruwan batir amma mafi ƙarfi, idan ya kai kashi 60 cikin 100 yakan narkar da reyon ya bar auduga, a kashi 70 kuwa har audugar yakan cinye, foliyesta da folifurofilin su rage.

Da wannan hanya ake sanin yawan kowane iri a cikin gauraye. Misali, a busar da ƙyalle a auna, a ce giram 10 ne. A narkar da reyon ɗin, a wanke abin da ya rage, a busar, a sake aunawa. Idan an sami giram 7, foliyesta kashi 70 ne, reyon kashi 30. Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 1833 ta tsara yadda ake irin wannan awo. Manyan ɗakunan bincike kuma suna da na'urar da ke haska ƙyalle da hasken infirared, ta duba irin hasken da ya shanye, ta faɗi sunan robar cikin 'yan mintoci.

AMFANIN WANNAN SANI

Wani zai ce, mene ne ribar duk wannan wahala a kan abin da za a yar? Ga kaɗan daga ciki.

Na farko, lafiyar jiki. Auduga idan ta kama wuta toka take zama, amma roba narkewa take yi ta manne a fata, ƙunarta kuwa tana shiga ciki. Bai kamata a sauke tukunya da jakar biki ba, ko a rataye ta kusa da murhu ko fitila.

Na biyu, sana'a da aljihu. Tela da ya san cewa farin ƙyallen wuyan riga roba ne mai ɗigon gam a fuska ɗaya zai rage zafin dutse, ya shimfiɗa tsumman auduga a kai, ya danna maimakon ya goga. Mai saye kuma da ya san ƙaurin ulu ba za a sayar masa da akirilik a kuɗin ulu ba.

Na uku, aikin da aka yi abin dominsa. Takunkumi irin na asibiti idan aka wanke shi da sabulu, cajin fallen tsakiya yakan lalace, ya rage kama abin da aka yi shi ya kama, ko da a ido yana nan kamar sabo.

Na huɗu, muhalli. Auduga da reyon da ulu sukan ruɓe a ƙasa. Foliyesta da folifurofilin kuwa sukan daɗe shekaru masu yawa, suna farfashewa ƙanana-ƙanana ba tare da sun ruɓe ba. A shekarar 2017, a unguwar Whitechapel ta birnin Landan, an tarar da wani dunƙulen ƙyallayen goge jiki da kunzugu da daskararren mai ya toshe babbar hanyar ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa, tsawonsa mita 250, nauyinsa tan 130. Abin da ya toshe Landan zai toshe bututun bayan gidan ɗakin kwananmu, ya cika masai kafin lokacinsa. Idan ya bi shara zuwa gona ba zai zama taki ba, akuya kuwa idan ta haɗiye shi ba ya narkewa a cikinta.

KAMMALAWA

Mun ga cewa yadi marar saƙa ba ya bayyana kansa ga ido. Sai an raba hawa-hawansa, an duba shi a haske, an sa shi a ruwa, an kai shi ga wuta da hankali, an leƙa shi a madubi, sa'an nan a haɗa shaidun a ga inda suka yi daidai. Uku daga cikin waɗannan gwaje-gwaje ba su bukatar abin da ya wuce kofi, gishiri, sabulu da kyandir. Muna roƙon ƙannenmu da ke tafe su ci gaba da tattara ƙyallaye a ɗakin kimiyya, su manna kowanne a littafi tare da abin da suka gani. Iyayenmu kuma, kafin a ɗora dutsen guga a kan wani baƙon yadi, a ɗaga shi a taga tukuna a nemi 'yan ɗigon nan, a kuma gwada a ɗan gefe. Sai an gwada akan san na ƙwarai.